Dutse na Uku a Murhun Kaka

Makon jiya jikata ta miƙo min wayarta, ta ce in duba. Hoton wani ƙaton ƙwarangwal ne a tsaye cikin wani babban ɗaki mai fitilu, wuyansa ya kusa taɓa rufi, yara suna tsaye a ƙarƙashinsa kamar 'yan tsaki. Ta ce sunansa dainoso, aikin gida aka ba su a makaranta, kuma wai a wani ƙaramin gari can arewa ake tono ƙasusuwan irinsa. Da ta karanto sunan garin sai na ajiye tiren shinkafar da nake tsincewa. Ta ci gaba da karatu, ta ce an daina aiki a ramukan garin, ruwa ya cika su, yawancin mutanen sun watse. Sai ta ɗago ta tambaye ni ko na san wurin. Na ce mata ban taɓa zuwa ba, kuma gaskiya na faɗa. Amma garin ya taɓa zuwa gidanmu, a bayan mota, cikin akwatunan katako da busasshiyar ciyawa.

Samarun Zariya da na tashi a cikinta ba wannan ba ce. Bayan gidanmu gonakin dawa ne har iya ganinka, yanzu kuwa ɗakunan hayar ɗalibai ne a jere, kowanne da janaretansa. A lokacin kana iya sanin ƙarfe nawa ne da kunne kawai. Da sassafe ƙarar guga a rijiyar maƙwabta, da hantsi ƙaramin jirgin masu koyon tuƙi yana zagaya sama yana gurnani, da la'asar luguden mata daga gida zuwa gida, wani turmi yana amsa wa wani. Aikina shi ne goge gilashin fitilu da toka kafin magariba, da ɗebo ruwa, da tsince tsakuwa daga shinkafa, don an ce idona ba ya barin komai. Bakina ne dai ba ya aiki. A aji ina sanin amsa, amma kafin in tattara ƙarfin ɗaga hannu wani ya riga ya faɗa. Kakata, mahaifiyar Baba, ita ta raɗa min suna Shiru, sunan kuma ya bi ni har makaranta. Takan ce, "Wannan yarinya in gobara ta tashi, sai ta jira a gama hira kafin ta faɗa." Kowa ya yi dariya, ni ma in yi murmushi in sunkuyar da kai.

Baba direba ne a jami'a, a wajen malaman da ke nazarin duwatsu. Duk rani sai ya yi tafiyar mako biyu ko uku da su, kuma wurin da suka fi zuwa shi ne wannan ƙaramin gari. In ya dawo, Mama sai ta wanke kayansa sau biyu kafin farar ƙasar ta fita. Daga bakinsa na san garin, har nakan ji kamar zan iya zagaya shi ido rufe. Ya ce titi ɗaya ne da shi, da masallaci, da rumfar mai shayi. Kowa a garin farin dutse yake haƙa, wanda manyan motoci ke kwasa zuwa inda ake yin siminti. Maza su shiga rami da diga, mata su zauna a baki suna ware mai kyau da marar kyau, jakuna su kai bakin hanya. Ya ce har gashin idon jarirai fari ne a garin, ruwan rijiyarsu kuma yana da ɗaci-ɗaci. To a ƙarƙashin farin dutsen nan ne suke cin karo da ƙasusuwa, manya-manya, da suka riga suka zama dutse. Mutanen garin sun ce raƙuman mutanen farko ne. Wasu suna zama a kansu a ƙofar gida, wasu suna ɗaure akuya a jikinsu. Sai da wani malami da Baba ke kira Dokta ya je ya ce musu wata dabba ce mai siffar ƙadangare, wadda ta fi motar bas tsawo, ta yi zamaninta ta ƙare tun kafin a yi mutum. Da Baba ya ba Kaka wannan labari, ta ce, "Kafin Adamu? To ya zo ya faɗa wa fasto ranar Lahadi, mu ji."

Wata Juma'a da yamma, farkon damina, Baba ya dawo da akwatuna a bayan mota da wani tsoho a gaba. Sun iso an riga an tashi daga ofis, mai riƙe makullin ɗakin ajiya ya tafi gida, don haka aka sauke kayan a tsakar gidanmu sai Litinin. Tsohon shi ne ya tono ƙasusuwan da hannunsa, shi ya san yadda kowanne ya kwanta a ƙasa, shi ya sa Dokta ya ce a zo da shi ya taimaka a jera su. Mu yara muka sa masa suna Baba Mai Diga. Siriri ne, dogo, tafin hannunsa kamar bayan icce. Bai taɓa zuwa Zariya ba. Mu Kirista ne, shi Musulmi, amma a zamanin nan wannan ba abin tsayawa tunani ba ne. Baba ya share masa zaure, ya aro buta a maƙwabta, ya nuna masa gabas. Mama ta ce in riƙa kai masa ruwa da abinci, tunda ni ce ba zan dame shi da surutu ba.

Ranar Asabar da safe tsohon ya buɗe akwatunan, domin ruwan sama ya taɓa su a hanya, ciyawar ta jiƙe. Ya jera ƙasusuwan a gindin katanga su sha iska. Na gadon baya ne, kowanne ya kai girman ƙaramin turmi, gefe da gefe a lotse kamar akushi, kuma an rubuta wa kowanne lamba da jan fenti. Baba ya tara mu ya ce duk wanda ya taɓa, zai gamu da shi. Ni dai na tsaya daga nesa da kwanon koko a hannu. Tsohon ya lura da ni.

"Ɗiyata, matso. Mi kika gani?"

Na ce a hankali, "Duwatsu."

Ya tsinci wani ɗan ɓalli da ya faɗo cikin ciyawa, ya kuma ɗauki tsakuwa a ƙasa. Ya ce in taɓa kowanne da harshe. Tsakuwar ba ta yi komai ba. Ɗan ɓallin kuwa ya kama harshena kamar yana tsotso. Ya yi dariya har haƙoransa na goro suka fito.

"To kin gani. Dutse ba shi jin ƙishi. Ƙashi ko ya shekara nawa, yana neman ruwa. Haka muke gane su cikin rami, in fitila ta gaza."

Da hantsi Baba ya ɗauke shi zuwa kasuwar Sabon Gari, domin yana son ya saya wa matarsa fitila da atamfa. Mama ta tafi zumuntar mata a coci, ƙannena suka fice wasa. Gidan ya rage daga ni sai Kaka, wadda ta kwana biyu ba ta nan, ta shigo ɗaukar kaya. Goggo, ƙanwar Baba da ke aure a Sabon Gari, ta haihu a makon, kuma Kaka ce ke yi mata wankan jego. Yaran yanzu ba su san wannan aiki ba, sai dai a jona hita a bango, ruwa ya yi zafi. A lokacin ƙatuwar tukunya ake ɗorawa a murhu safe da yamma har kwana arba'in, a tafasa ruwa da ganyen darbejiya, a yi ta fyaɗa wa mai jego har jikinta ya yi tururi. Gidan su Goggo na haya ne, tsakar gida duk siminti, kuma ɗaya daga cikin duwatsun murhunsu ya fashe, tukunya tana ta karkata. Kaka ta fito daga ɗaki da ƙunshin kanwa, idonta ya faɗa kan gindin katanga. Ta je ta duba wannan, ta juya wancan, ta zaɓi ɗaya ta buga shi da ƙafa.

"Ke Shiru, kawo kwando. Kin ga dutse mai mazauni, kamar don tukunyata aka yi shi."

Na ce, "Kaka, na baƙo ne."

"Me kika ce? Ke maganarki sai an kai kunne har cikin bakinki."

"Na baƙon Baba ne."

"Baƙon ya rasa tsarabar da zai kawo sai duwatsu? Ga su nan birjik. Ɗaya ba zai hana shi barci ba. Kama min nan."

Na kama. Mun sha wuya kafin ya shiga kwandon, na ga lambarsa kafin ta rufe shi da tsumma, bakwai ce. Ta naɗa min gammo da ɗankwalina, ta ɗora min, na kai mata har bakin titi wuyana yana rawa. Kwandasta ya karɓa yana cewa, "Iya, gini za ki fara ne?" Ta ce ya sa bakinsa a aljihu. Motar ta tafi, ni kuma na dawo na matsa sauran ƙasusuwan kusa da juna don kada giɓin ya fito. Wannan shi ne abin da har yau nake jin kunyarsa fiye da ɗaukar kwandon. Da yamma hadari ya taso, Baba da tsohon suka dawo a gurguje suka mayar da kayan cikin akwatuna, ba wanda ya tsaya ƙirgawa.

Ranar Litinin Baba ya dawo daga aiki bai taɓa abincinsa ba. Na ji yana gaya wa Mama cewa an jera, daga shida sai takwas. An zazzage ciyawa, an duba bayan mota, babu. Kaka tana can Sabon Gari ba ta san abin da ake ciki ba, ba waya a lokacin, ba kuma wanda ya kawo ta a ransa. Ina bakin ƙofa da gilashin fitila a hannu, ina gogewa har ya fara ƙara. Na shirya maganar a raina sau da yawa. Amma ta ina zan fara? Yarinya ba ta tsoma baki in manya suna magana, balle ta ce kakarta ta ɗauki abin wani. Ga shi kuma Baba ya ce kada a taɓa, ni kuwa ba taɓawa kaɗai na yi ba, a kaina aka fitar da shi. Na ce wa kaina gobe zan faɗa, in Baba ya huce.

Gobe ta zo da abin da ban zata ba. Ina dawowa daga makaranta na tarar da motar Dokta a ƙofar gida, shi da wani mutumin ofis mai ɗauke da fayil. Wani ya gaya musu cewa masu maganin gargajiya a kasuwa suna sayen irin wannan ƙashi, su niƙa su sayar wa masu ciwon baya. Aka tambayi Baba ko ya rabu da tsohon a kasuwa ranar Asabar. Baba ba ya ƙarya, ya ce ya bar shi kamar awa guda ya je wajen mai faci. Mutumin ofis ya ce to a duba kayansa. A zaure aka yi, maƙwabta suna leƙe ta ƙofa, yara sun hau katanga. Tsohon da kansa ya kwance bakin buhunsa ya zazzage a kan tabarma. Ina iya lissafa abin da ya zubo har yau: riga ɗaya mai faci a kafaɗa, carbi, ɗan ƙunshin goro a ganye, sabuwar fitila da ko kananzir ba a zuba mata ba, da atamfa shuɗiya mai zanen tsuntsaye. Mutumin ofis ya ɗaga atamfar ya warware ta a gaban kowa, ya tambaye shi da me ya saya. Tsohon ya karɓi atamfar ya fara ninkewa a hankali, yana daidaita bakin da yatsa. Dokta mutum ne mai sanyi, na ga abin bai yi masa daɗi ba, amma ya ce in ba a samu ba zuwa Alhamis, dole a mayar da shi gida a sanar da mai garinsu, kuma aikin tono da ake ba shi da 'ya'yansa ya ƙare. A ƙaramin gari irin nasu, in an ce an dawo da mutum daga birni a kan sata, shi ke nan, sunan zai bi har jikokinsa.

Da na kai wa tsohon tuwo da yamma, ya ce, "Sannu, ɗiyata," kamar kullum. Na ajiye na fita da sauri. Da na dawo ɗaukar kwano, yadda na ajiye shi haka na same shi.

Ranar Laraba malamar lissafi ta kira sunana sau uku ban ji ba. Ana tashi na rugo gida, na sami Mama tana tankaɗe. Na tsuguna kusa da ita na faɗa mata, idona a kan rariya. Ta tsaya cak. Ta dube ni, sannan ta karkaɗe hannunta.

"Ba a bakina za a ji sunan surukata ba. Ke kika gani, ke za ki faɗa. Ga babanki can a waje."

Baba yana wanke mota. Tsakanin ƙofar gida da inda yake bai fi taku goma ba, amma ban taɓa yin tafiya mai nisanta ba. Na tsaya a bayansa har ya juyo don ɗebo ruwa.

"Lafiya?"

"Baba, dutsen yana wurin Kaka."

"Wane dutse?"

"Mai lamba bakwai. Ta kai gidan Goggo, ta yi murhu da shi. Ni na kai mata bakin titi."

Soson ya tsaya a hannunsa, kumfa tana ɗiga a kan takalminsa. Na rufe ido ina jiran mari. Bai zo ba.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun Asabar."

"Jiya da ake zazzage kayan mutumin nan, kina ina?"

"Ina bakin ƙofa."

Bai ƙara ce min komai ba, kuma da ma ya mare ni da ya fi min sauƙi. Ya shiga zaure ya yi magana da tsohon, suka fito, ya ce in shiga baya.

La'asar ta yi lokacin da muka isa Sabon Gari. Gidan su Goggo dogo ne, ɗakuna suna kallon juna, kowace ƙofa da yarenta. Ana soya manja a wani lungu, rediyo yana waƙar coci a wani, igiyoyin shanya sun ratsa ko'ina. A ƙarshen gidan muka hango Kaka a kan kujera 'yar tsuguno, tana tura icce ƙarƙashin ƙatuwar tukunya. Duwatsu biyu na gaba na kowa ne. Na ukun, na baya, ya yi baƙi ƙirin, amma ko daga nesa ana ganin lotsawarsa, gindin tukunya ya zauna a kai daram. Baba ya durƙusa ya gaishe ta, ya tambayi mai jego da jaririya, ya tambayi gajiya, sai da ya ƙare gaisuwa kaf sannan ya ce, "Iya, dutsen nan na baya, na aiki ne. Shi muka zo ɗauka."

"Yanzu? Ruwa bai tafasa ba."

"Iya, ba dutse ba ne. Ƙashin nan ne da na ba ki labari."

"Ko ƙashin Goliyat ne, ruwa bai tafasa ba. Ƙanwarka tana ciki tana jira, rana tana faɗuwa. In ta yi wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi sanyi ya shige ta, kai za ka yi jinya?"

Wata maƙwabciya Inyamura, mai sayar da garin rogo, ta fito tana tambaya da turancin kasuwa ko da gaske dutse muka zo nema tun daga Samaru da mota. Mata suka fara dariya. Baba ya miƙe zai kama tukunyar da kansa, sai tsohon ya riƙe masa hannun riga.

"Bari shi tafasa. Ya kwana huɗu cikin wuta, ɗan wannan ba shi ƙara mai komi. Mai jego tana gaba."

Haka muka tsaya, mu uku, muna kallon wuta tana lasar abin da zai wanke sunansa. Ban san ko minti nawa ba ne. Na ga kumfa ta fara tasowa a gefen ganyen darbejiya, na ga tsohon ya tsuguna ya gyara wani icce da ya zamo, don wutar ta ci da kyau. Ruwan yana gab da tafasa muka ji ƙas, kamar an taka busasshen kara. Tukunyar ta ɗan girgiza. Da ya tafasa, Kaka da maƙwabciyar suka sauke, suka juye a baho suka shiga da shi. Tsohon ya janye garwashi da icce, ya hana Baba zuba ruwa, ya ce a bar shi ya huce da kansa. Ƙashin ya rabu biyu, jan fentin ya ƙone, amma da ya goge ƙasan da bakin rigarsa sai ga inuwar bakwai ɗin.

Da Kaka ta fito hannuwanta jajur, Baba ya ja ta gefe ya gaya mata abin da ya faru a zaure. Na ga fuskarta ta sauya. Kaka mace ce da ko mai unguwa ba ta rusuna masa, ban taɓa ganin gwiwarta a ƙasa ba sai a coci. Ta zo gaban tsohon ta durƙusa a kan simintin nan mai toka.

"Malam, ni na ɗauka. Na ga dutse ne a gidan ɗana. Yarinyar nan ta yi magana, ni ce ban saurara ba. Ka yafe min."

"Tashi, Iya, don Allah tashi. Mu ma can gida akuya muke ɗaurewa da su. Tukunya ta zauna dai?"

"Ta zauna," in ji Kaka, tana share ido da bakin zane. "Ban taɓa samun dutse irinsa ba."

Washegari tsohon ya gyara ƙashin a tsakar gidanmu, ina riƙe masa kwano. Ya jiƙa ƙaro har ya yi kauri, ya kankare garin ƙashin daga wani ɓalli ya gauraya, ya shafa a fuskokin biyu, ya haɗa su yana juyawa a hankali har suka faɗa wa juna. Ya ɗaure da tsummoki, ya binne rabinsa cikin bahon yashi don kada ya motsa. Ya ce haka suke yi a bakin rami in diga ta yi ɓarna. Dokta ya zo da kansa, ba mutumin ofis. Ya cire hularsa a zaure, ya ce wa tsohon, "Baba, mun yi maka laifi, ka yi haƙuri." Tsohon ya ce ba komai. Dokta ya roƙe shi ya zauna a ƙarasa jerin, in an gama Baba ya mayar da shi gida da mota. Ya ce a'a, ya gode, yanzu da bakwai ya dawo kowa ma zai iya jerawa, shi motar haya zai bi. Baba ya yi magiya, Mama ta yi, bai ɗaga murya ba, bai kuma sauya ba. Maƙwabtan da suka leƙo ranar da aka zazzage buhunsa, ba ko ɗaya da ya leƙo ranar da aka ba shi haƙuri. Bayan ya tafi ban sake ganinsa ba. Baba ya ce 'ya'yansa sun ci gaba da aikin tono, amma shi ko an je garin sai dai a gaisa a rumfar mai shayi.

Ranar da zai tafi, Baba ya kai shi tashar Sabon Gari, aka ce in riƙe masa ƙunshin dambun da Mama ta yi. Baba ya je neman kwandasta, ya bar mu a gindin motar. Tsohon ya rungume buhunsa, fitilar tana leƙowa ta baki. Ya dube ni.

"Ran Asabar da muka komo kasuwa, kin kawo min ruwa. Akwai farar ƙasa bisa ɗankwalinki. Ƙasar Zariya ja ce, ɗiyata. Waccan tamu ce."

Na ce, "Ka sani?"

"Ban san inda aka kai shi ba. Na dai san bisa kan wa ya fita."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"In nuna ɗiyar mutumin da ya ba ni ɗaki, gaban jama'a? Na ce ai za ta zo da kanta." Ya karɓi ƙunshin daga hannuna. "Kin kuwa zo. Kin dai daɗe."

Aka kira fasinjoji, ya shiga ya zauna a bakin taga, ya ɗora buhun a cinya. Ina da abin da zan faɗa masa, kalmomi uku ne kawai, na riga na jera su tun a hanya. Kwandasta ya buga ƙofa, direba ya tayar da inji, Baba ya ɗaga hannu. Na ce, "Ka yafe min," da ƙarfin da ban taɓa magana da shi ba, har wata mai tallan gyaɗa ta waiwayo. Amma motar ta riga ta kai bakin ƙofar tasha.